Takardun Maigida da Na Ƙunshe Gyaɗa da Su

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yanzu sai in yi ta neman carbi alhali yana rataye a wuyana, ko in kira jika da sunan uwarsa. Amma akwai wani mako guda, a shekarun da talabijin ya fara shigowa Jidda, wanda har ƙasa ta rufe mini ido ba zai fita raina ba. Shi ne makon da na kwashi aikin da maigida ya yi wata uku yana yi, na ƙunshe gyaɗa da shi, na sayar wa mutanen unguwa.

A unguwar Mahjar muke zaune a lokacin, gidan katako da langa-langa, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Ni da shi duk haihuwar Jidda ne, kakanninmu ne suka taho aikin Hajji a ƙasa suka yi zamansu. Ni ba mai fita ba ce. Sai in yi wata ban taka bakin titi ba, kuma ba wanda ya hana ni, gida dai ya fi mini daɗi. Sana'ata gyaɗa: in soya da gishiri, in naɗe takarda kamar mazurari, in zuba, in miƙa ta bayan labulen ƙofa. Mata kan shigo mu taɓa hira, maza kuwa daga waje suke sallama. Ban cika ganin fuskar mai saye ba, amma Allah Ya ba ni kunne. Mutum ya yi gyaran murya sau ɗaya a ƙofata, ko bayan shekara ya dawo zan gane shi, in kuma kwaikwayi muryarsa har matarsa ta amsa.

Karatu kuwa ban yi ba sai na salla. Saboda haka mahaifiyata ta kafa mini doka tun ina yarinya: takardar da ke da rubutu ba a ƙunsa abinci da ita, don ba ki san ko sunan Allah ne a jiki ba, a ci gyaɗa a yar da shi a kwata. Jarida ko kyauta aka ba ni ba na karɓa. Buhun siminti nake samu, in yanke wurin rubutun in ɗora a saman kabad, in kakkaɓe sauran in yi aiki da shi. Ku riƙe wannan dokar, don ita ce ta kai ni ta baro.

Maigida, Allah Ya jiƙansa, rubutun allunan shaguna yake yi a Bab Makka, nan cikin Jidda. Yana bisa tsani da gwangwanin fenti tun hantsi har rana ta take. Wata shekara tsanin ya zame da shi, gwiwar hagu ta tashi aiki, tun daga nan yake jan ƙafar. Duk safiyar da zai fita sai na ji ya yi ɗan nishi wajen sa takalmi, shi yana zaton ban ji ba. Hawan tsanin nan ya ishe shi, kuma ni ma ya ishe ni.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ya rubuta allon wata maɗaba'a a Bab Makka da ke buga ƙaramar mujallar yara. Mai wurin ya ga yana zane a bayan takarda lokacin shan shayi, ya ce masa yana neman wanda zai riƙa zana masa labari a cikin 'yan akwatuna, huɗu huɗu, duk mako. Aiki ne na zama a kan kujera, ba tsani. Amma ya ce kowa na iya zana mutum sau ɗaya. Abin da yake so ya gani shi ne mutum ɗaya a zana shi sau da yawa kamanninsa ba su sauya ba. Ya sa masa rana, Asabar ta ƙarshe kafin hidimar alhazai ta kankama, in bai kawo ba zai ɗauko wani daga waje. Ya kuma ba shi ragowar takardu farare masu shara-shara da ake yankewa a wurin.

Ni dai abin da na gani shi ne, kullum bayan la'asar maigida ya jingina wani gilashi a bakin taga inda hasken yamma ke shigowa, ya ɗora takarda a kan takarda, ya yi ta zane. In na shigo sai ya kife hannu. In na ce me ake yi, sai ya ce, "Ba komai, hannu nake motsawa." Ya gama ɗaya, ya yi ajiyar zuciya, ya jefa a akwatin da ke ƙarƙashin gado, ya ɗauko wata.

To ni kuwa ba a ce mini ba komai in zauna lafiya. Rannan da ya fita na jawo akwatin. Takarda ta farko, wata ƙatuwar mace ce ta juya baya tana daka, wuyanta ya ɗan karkace, ta ɗage dunduniya ɗaya. Gefe ga kwanon kifi, can lungu ga kyanwa. Na ɗaga ta biyu, ita ce. Ta uku, ita ce. Na kai ta talatin, wannan matar dai, wannan turmin, wannan kyanwar. Sai tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, bawan Allah, zane ɗaya ya gagare shi, kullum yana sakewa bai fito yadda yake so ba, kunya ce ta sa yake ɓoyewa. Har na riƙa ƙara masa nama a miya ba tare da na gaya masa dalili ba.

Ranar wata Litinin ya tafi Makka, an kira shi aikin alluna na kwana uku. A ranar kuma buhun simintina ya ƙare, mai kawo mini ya yi tafiya, ga gyaɗa na soye tana huci. Na zaga gida ban sami ko guntuwar takarda marar rubutu ba. Sai akwatin nan ya faɗo mini a rai. Na jawo shi, na ɗauki takarda na duba gaba, na duba baya, na kai ta rana na sake dubawa. Babu harafi, babu lamba, ko ɗigo babu. Na ce alhamdu lillahi, wannan ai halal ce tsantsa. Har ina ganin taimakonsa zan yi, in raba shi da abin da ke tuna masa gazawarsa. Na zaɓi guda ɗaya da na ga ta fi kyau, wadda matar ta cilla taɓarya sama, na sa ƙarƙashin matashinsa don ya dawo in ce masa, ga wadda ta yi kyau nan, ka huta haka. Sauran na fara ɗiba daga sama.

Takardun nan kuwa ga laushi ga daɗin naɗi, kamar don gyaɗa aka yi su. Ciniki ya buɗe irin wanda ban taɓa gani ba. Matan da ba su taɓa sayen gyaɗata ba suka riƙa shigowa, su karɓa, su dube ni, su dubi juna, su fita suna ƙunshe dariya. Maƙwabciyata, Bahaushiyar Sudan ce mai faɗin baki, ta zo sau uku a yini ɗaya. Har Goggo, ƙanwar mahaifin maigida, wadda haƙoranta ba su fi huɗu ba, ta tako da sandarta ta ce a ba ta. Ni kuwa na ce gishirin da na sauya ne. Na riƙa gaya wa kowa, "Gishirin dutse ne, shi ya sa."

Alhamis da yamma na jiyo takunsa tun daga kan kwana, ɗaya mai nauyi ɗaya mai ja. Ya ci abinci, ya yi salla, ya shiga ɗaki. Na ji ƙarar akwati a kan siminti. Sai shiru. Na daɗe da sanin shirun maigida kala-kala ne, wannan ban taɓa jin irinsa ba.

"Hajiya."

Ba ya ce mini Hajiya sai magana ta yi nauyi. Na shiga ina goge hannu, har da ɗan murmushina.

"Ina takardun da ke cikin nan? Sun fi rabi babu."

"Au, waɗanda suka lalace? Na rage maka su. Amma ɗaga matashinka ka gani, na ajiye maka mai kyan."

Ya ɗaga matashi, ya dubi takardar, ya dube ni. "Kin rage su ina?"

"Gyaɗa na ƙunsa. Na duba sosai, wallahi ko wasali babu a jiki."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi, don baki kam ina da shi. Sai ya zauna bakin gado, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, ya tattara sauran takardun ya daidaita bakinsu. Ya ce, "Zo nan. Tsaya ta bayana. Kada ki kalli hannuna, kalli matar." Ya damƙe gefe ɗaya, ya sa babban yatsa a ɗaya gefen, ya saki takardun suka riƙa zuba farr.

Matar ta motsa. Na rantse muku, ta ɗaga taɓarya ta sauke, ta ɗaga ta sauke, gyalenta na rawa a kafaɗa, kyanwar nan ta taso saɗaf-saɗaf ta sunkuci kifi, matar ta kai mata shuri da dunduniya ba tare da ta waiga ba. Na yi baya na bangaji ƙofa ina a'uziyya. Na ce, "Malam, me ka karanta musu?"

"Ban karanta komai ba. Kowace takarda daban take da 'yar uwarta, bambancin bai fi ƙwayar gero ba. In suka wuce da sauri ido sai ya haɗa su."

Sannan ya ba ni labari duka, na mai maɗaba'a, da na Asabar, da na kujera maimakon tsani. Ya ce akwai wani tsoho mai juya injin majigi a wani fili a cikin gari, shi ya gaya masa cewa a wata ƙasa mai nisa, tun kafin a haife mu, an yi wani mutum mai zana wa jarida labarai a cikin akwatuna. Rannan mutumin ya ce sai ya sa zanensa ya yi tafiya. Ya zauna shi da alƙalaminsa ya zana takardu dubbai, ɗaya bayan ɗaya, har abin da ya zana ya tashi ya motsa a gaban jama'a. Maigida ya ce tun da ya ji wannan labarin bai sake samun sukuni ba. An ce masa ya zana mutum ɗaya sau da yawa, shi kuwa ya ce zai kai wa mai maɗaba'a abin da bai taɓa gani da hannun ɗan Jidda ba.

Na ce, "To me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Da na gaya miki da safe, kafin azahar Mahjar kaf ta ji, kafin la'asar Goggo ta zo da wa'azin masu zane."

Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa. Na ce, "Lamba fa? Da ka sa musu ko lamba ɗaya, wallahi da ban taɓa ba."

"Ban so komai ya ɓata farin takardar ba." Ya mayar da su akwati ya rufe. "Halas, shi ke nan. Tsanin ma ai bai kashe ni ba."

Wannan kalmar ita ta hana ni cin abincin yamma.

Juma'a da sassafe na zura abaya na fita, ni da ban san kan lungunan unguwarmu ba sai ta kunne. Gidan maƙwabciyata na fara shiga. Ina ɗaga labulen ɗakinta na ga matar nan mai daka a jikin bango, guda biyar, an baje su an liƙa da ƙullun fulawa.

"Ya ukhti, kin zo ganin kanki?" Ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

Na ce, "Kaina kuma?"

"To wa ke karkata wuya haka in tana daka? Wa ke ɗage dunduniya kamar kaza ta taka wuta? Duba turmin, ga tsagar nan da kika ɗaure da waya. Mu mun ce ko sabon salon talla ne, mai gyaɗa da hotonta."

Na matsa na ƙura ido. Turmina ne. Gyalena ne mai ɗigo-ɗigo. Kyanwar ma tamu ce, mai yankakken kunne. Na ce, "Amma ai ban kai haka faɗi ba."

Ta ce, "Kin taɓa ganin bayanki?"

Ashe ba gishirin dutse ba ne. Kwana uku unguwa na sayen hotona, ni kaɗai ce ban gane kaina ba. Kunya ta rufe ni, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu mai ɗumi, don na tuna wata ukun nan da yake zaune bakin taga, ashe ni yake kallo.

Na gaya mata abin da ke ciki, dariyar ta tsaya. Ta ɓamɓaro na bango a hankali, sannan ta sunkuyar da kai ta ce akwai shida da ta saya a tashi ɗaya ta baje a tsakar gida su sha iska, akuyarta ta cinye. Na leƙa na ga akuyar tana tuƙa, ko a jikinta. Maƙwabciyata ta yafa mayafi ta ce, "Yalla, ke bi dama in bi hagu. Kowa ta kawo nata da hannunta gidanki bayan an sauko masallaci."

Wasu sun tafi ba dawowa. Na mai kawo ruwa ya yar a hanya, wata ta hura wuta da nata. Amma yawancin matan sun adana, wata a cikin kwanon kayan ɗinki, wata a bayan madubi. Gidan Goggo na bari ƙarshe don tsoro. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta yi mini wa'azi mai tsawo a kan zanen abu mai rai, da yadda ɗan wanta ya bar rubutu mai albarka ya koma zana kyanwoyi. Ina ta "Haka ne, Goggo." Da ta gaji, sai ta ɗaga katifa. Guda goma sha bakwai, a miƙe sumul kamar an goge, don har na jikokinta ta ƙwace.

"Don kada a tattaka su na ajiye," in ji ta, tana kallon gefe. Na karɓa zan tashi, ta riƙo bakin abayata. "Ke, kyanwar nan ba ta da tarbiyya. Na lura kullum sai ta ƙara matsowa kusa da kwanon. Ta samu kifin kuwa?"

Na ce, "Sai kin zo da kanki, Goggo."

Bayan sallar Juma'a tsakar gidanmu ya cika da mata, kowace riƙe da takardunta. Maigida yana ɗaki bayan labule. Na hura dutsen guga muka miƙar da waɗanda suka yamutse, man gyaɗa ya fito ɓaro-ɓaro a jikinsu. Na miƙa masa wasu, ya jujjuya, ya ce da ƙaramar murya, "Samunsu ba shi ne ba. Taɓarya mai hawa da mai sauka kamanninsu ɗaya, ta hau ta sauka ya fi sau goma. Kyanwar kuma takan laɓe wuri ɗaya takarda goma ba ta motsa ba. Ban san wacce ke bin wacce ba. Sai in yi mako ina gwadawa."

Na dubi takardun da ke hannun mata. Sai na ce, "Daga sama na riƙa ɗiba, ban tsallake ba. In na faɗi wanda ya fara saye da wanda ya biyo shi, ya isa?"

"Kwana uku fa. Za ki tuna?"

Na kife turmi na zauna a kai, na rufe ido. Na koma safiyar Litinin. Farko na ji mai kawo ruwa ya yi tari a ƙofa, ƙunshi biyu, sun tafi. Sai na ji ƙarar awarwaro da "Ya ahlal bait, akwai mai zafi?" Na faɗa da muryarta sak, matar mai ɗinki ta zabura ta ce, "Ni ce," ta miƙo uku. Sai mai shigowa tana faɗa da ɗanta tun daga waje. Sai mai cewa a ƙara mata gyara kullum. Duk wadda na kwaikwaya sai wurin ya kwashe da dariya, ita kuma ta ce ƙarya nake ba haka take magana ba, amma ta miƙo takarda. Da na zo kan Goggo na ɗan yi jinkiri. Daga bakin ƙofa na ji an ce, "Yi mana, marar kunya, ai na ji ana ta yi wa kowa." Ashe ta iso da sandarta. Na yi muryarta, har da fitar iska ta gurbin haƙora. Ita ta fi kowa dariya.

Wadda ta saya sau biyu ko uku, maigida ke duba inda kyanwa ta kai ya raba mata nata. Inda takarda ta ɓace ya sa fara a gurbin. Kafin la'asar tari ya haɗu. Na shiga ɗaki, ya damƙe, ya saki. Matar ta yi daka, amma kyanwar ta zama abin tausayi: ta ja da baya, ta yi tsalle gaba, ta sake ja da baya, kamar mai rawar biki. Maigida ya sauke hannu. Ya ce, "Kin yi ƙoƙari. Wani wuri kunnen ya kuskure."

Wannan kam ban yarda ba. Kunnena bai taɓa kuskure ba. Na tsaya ina kallon hannuwana, na riƙa motsa su kamar ina aiki, sai abin ya faɗo mini. Ba ɗaya-ɗaya nake naɗi ba. Biyar nake naɗewa in zura su cikin juna, in mai saye ya zo in zaro na sama. Wanda na naɗa ƙarshe shi ke fara fita. Na ce, "Malam, ƙirga biyar-biyar ka juya kowane kashi, na ƙasa ya koma sama."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ƙirga, ya juya, ya damƙe, ya saki. Kyanwa ta taho tiryan-tiryan ba waiwaye. Matar ta yi daka, ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu, kamar yadda nake yi in daka ta yi daɗi. Nan aka zo gurbin shidan da akuya ta ci: taɓarya na sama, kafin ƙiftawar ido sai ga ta a hannun matar, ba wanda ya ga saukowarta. Ga kuma tabon mai yana tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar ƙuda.

Na fito da tarin na nuna wa mata, da yake na koyi riƙon. Sai da na saki ya fi sau goma. Goggo ta matso har hancinta na taɓa takarda, da kyanwa ta sunkuci kifi ta ce, "Na faɗa muku." Sannan ta tuna, ta yi istigfari, ta ce a sake sau ɗaya.

Da sauran hasken yamma da na bayan asuba ya cike ƙananan gurabe. Shidan nan lokaci bai kai ba. Yana ɗaure tarin da zare na ce, "Tsaya tukuna. Yanzu ni za ka ɗauka ka kai wa wani ƙato ya kalla?"

"Babu fuska a jiki."

"Mahjar kaf ta gane ni babu fuska."

"A Bab Makka ba wanda ya san bayanki." Ya yi ɗan murmushi, sannan ya ajiye tarin a kan gado. "Amma gaskiyarki. Ban nemi izininki ba na zana, ba zan kai ba sai da shi. In kin ce a'a, halas."

Na dubi tarin, na dubi gwiwarsa da ya ɗaure da tsumma. Na ce, "Kai ta. Amma in an tambaya, ka ce wata 'yar Sudan ce."

Ranar nan ban soya gyaɗa ba. Na zauna bayan labule, kunnena na kan kwana. Azahar ta wuce. Can na jiyo shi, ɗaya mai nauyi ɗaya mai ja, a hankali ƙwarai, irin tafiyar wanda aka kora. Sai na ji takun ya tsaya daidai ƙofar maƙwabciyata, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Sannu da hutawa, ranki ya daɗe. Ya daɗin takarda?" Mutumin da aka kora ba ya tsayawa gaida akuya. Kafin ya shigo da fuskar da ya shirya mini, na riga na ɗora shayi.

Ya ce mai maɗaba'a ya saki tarin sau uku. Sannan ya kai shi hanci ya shinshina, ya ce, "Wannan ƙamshin fa? Kuma ina taɓaryar ta bi ta sauko?" Maigida ya ga ba amfanin ɓoyewa, ya kwashe labari duka ya gaya masa, tun daga buhun siminti har akuya. Mutumin ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce shi ba shi da injin da zai sa zane ya yi motsi, wannan sai dai a adana. Amma wanda ya zana mace ɗaya sau ɗari biyu har unguwa guda ta gane ta ta baya, ya ci jarrabawa. Ya nuna masa kujera kusa da taga. Ya ce labarin makon farko kuwa an riga an samu: mai gyaɗa, da takardu, da akuya, a akwati huɗu.

Na ce, "Ba ka ce 'yar Sudan ce ba?"

Ya ce, "Na ce. Ya ce in gaida uwargida."

Tsanin nan mun mayar da shi wurin shanya. Shekara da shekaru yana zana akwatunansa, kuma duk takardar da ta shigo gidanmu daga ranar, ko fara ce fat, sai ya rubuta lamba a kusurwa, ya ɗaga ya nuna mini, ya ce, "Hajiya, rubutu." Tarin nan yana wurina har yau, ya yi ja, ƙamshin gyaɗar ya tafi. Jikoki sun ga abin da ya fi shi sau dubu a talabijin, amma in suka zo sai sun ce in sa kaka ta yi daka.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya riƙe ni. Shi ya ɓoye mini don yana tsoron bakina, ni na yanke masa hukunci don na yarda da idona, alhali tambaya ɗaya da amsa ɗaya sun ishe mu. Tun daga ranar, in na ga mutum yana ta maimaita abu ɗaya, ba na cewa ya kasa. Nakan tambaye shi tukuna, kuma in na tambaya nakan rufe baki in saurara. Ni kaina da nake cewa kwanakina a cikin gida duk iri ɗaya ne, daka, suya, shara, sai da wani ya zauna bakin taga wata uku yana kallona kafin na san kowace rana da ɗan bambancinta, kuma in aka haɗa su ashe tafiya nake yi.